Kyamarar aljihu ko wayar da ke hannunka: wacce ta cancanci kuɗinka?

A shekarar 2010 kamfanonin Japan sun fitar da kyamarorin dijital sama da miliyan 120 zuwa kasuwannin duniya, kuma mafi yawansu ƙananan nan ne da ake zurawa a aljihu, a ciro, a saita, a danna. Zuwa 2023, bisa ƙididdigar CIPA, ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan, irin waɗannan ƙanana da aka fitar a shekara ba su kai miliyan 2 ba. Waya ce ta cinye musu kasuwa. Hatta Casio, wanda ya fito da QV-10 a 1995, kyamarar da ta koya wa mutane ganin hotonsu nan take a bayanta, ya tattara ya bar harkar a 2018. Sai ga shi 'yan shekarun nan matasa sun sake waiwayar abin da aka yi zaton ya mutu. TikTok ya ɗaga Canon G7 X har ta yi wuyar samu a shaguna, ta hannu ma wani lokacin ta zarce farashin sabuwa.

To, wanda ke riƙe da waya mai kyau, me zai sa ya ƙara wani kaya a aljihunsa? A ganina amsar ba ta da tsawo: kada ka sayi ƙaramar kyamara sai idan za ta ba ka wani takamaiman abin da wayarka ba ta iya ba ka. Abubuwan nan kuwa ba su da yawa, kuma babu kyamara ɗaya da ta haɗa su duka.

Abin da ya fi rikita masu saye shi ne ɗaukar duk ƙananan kyamarori a matsayin abu ɗaya. A ido suna kama da juna, amma a ciki bambancinsu ya kai sama da ƙasa, kuma yana komawa ne ga sensa, wato ɗan farantin da ke bayan gilashi wanda haske ke sauka a kansa ya zama hoto. Lamarin kamar tarar ruwan sama ne, wanda ya ajiye baho ya fi wanda ya ajiye kofi samu. Masu araha, irin su Kodak Pixpro FZ55 da mafi yawan tsofaffin Canon IXUS da Sony Cyber-shot, sensarsu ba ta wuce milimita 6.2 da 4.6 ba. Na tsakiya, wato Sony RX100, Canon G7 X da Sony ZV-1, tasu milimita 13.2 da 8.8 ce, kusan ninki huɗu ke nan a girman fili. Ita ake kira mai inci ɗaya. Sai 'yan tsiraru irin su Ricoh GR III da Fujifilm X100VI da aka cusa musu sensar manyan kyamarori, wadda ta ninka mai inci ɗaya fiye da sau uku. Adadin megafiksel da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a jikin kwali ba ya gaya maka komai game da wannan. Kyamara mai megafiksel 20 a kan ƙaramar sensa da mai 20 a kan inci ɗaya ba sa'o'in juna ba ne, musamman da zarar rana ta faɗi.

Ajin farko shi ne wanda zan fi ja maka kunne a kansa, domin shi ne aka fi yaudaruwa da shi. Kyamara mai ƙaramar sensa da zum na ninki biyar ba ta fi wayar zamani komai ba, a wurare da dama ma waya ta fi ta. Babbar kyamarar bayan waya mai matsakaicin kuɗi a yau sensarta ta kai ko ta wuce ta FZ55 girma, wasu manyan wayoyi kamar Xiaomi 14 Ultra ma inci ɗaya suke ɗauke da shi. Sannan waya tana da wata dabara da mafi yawan masu arahar ba su da irinta: idan ka danna sau ɗaya, hotuna da yawa take ɗauka a jere ta haɗe su, ta tsamo haske daga wannan, ta gyara inuwa daga wancan. Shi ya sa take iya fito da fuskar mutum da sararin samaniyar da ke bayansa a lokaci guda, kuma take iya ɗaukar hoto a tsakar gida da dare da ɗan hasken ƙwai ɗaya. Google ya fito da nasa salon na dare a 2018, Apple ya biyo a iPhone 11 a 2019, yanzu kuwa har Tecno da Infinix suna da nasu. Mai araha kuwa hoto ɗaya take ɗauka, abin da ya samu shi ke nan. Idan wuri ya yi duhu sai hoton ya cika da ɗige-ɗige, ko ya yi dishi-dishi saboda hannu ya motsa. Araha ba ta ado.

Amma akwai abu ɗaya da har mai arahar ta fi kowace waya, kuma shi ne sirrin duk wannan yayin da ake yi: filasha. Abin da ke bayan waya tocila ce kawai, fitilar da ke kunnuwa ta ɗan jima tana haskawa da rauni. Filashar kyamara kuwa bututun iskar zenon ne da ke walƙawa sau ɗaya da ƙarfi cikin ƙasa da ƙiftawar ido. Wannan walƙiyar tana tsayar da motsi cak, ta fito da launin atamfa da leshi yadda suke, ta sa fata ta yi sheƙi, bayan mutum kuma ya yi duhu. Hoton dinar biki da 'yan mata ke ta yabawa suna cewa "kyamara ce ba waya ba", kusan duk aikin filasha ne. Sai dai ƙarfinta ba ya wuce 'yan taku. Wanda ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin taro yana haska amarya da ango da ke can kan dandamali, batirinsa kawai yake ƙonawa. Kuma idan baƙin mutum ya sa farar shadda, filasha takan ƙone farin kayan har ɗinkin wuya ya ɓace, ko kyamara ta bi farin ta bar fuska a duhu. Maganinsa shi ne kyamarar da ke barin ka rage ƙarfin filasha da hannunka, ka kuma ƙara ko rage hasken hoto. G7 X da RX100 suna ba da wannan dama. Masu arahar da yawa ba sa bayarwa.

Abu na biyu shi ne zum na gaskiya, wanda gilasai ne ke motsawa su jawo abu kusa, ba yanko tsakiyar hoto a kumbura shi ba kamar yadda waya ke yi idan ka buɗa yatsu biyu a fuskarta. Manyan wayoyi sun yi ƙoƙari, iPhone 15 Pro Max na da gilashin ninki biyar, Galaxy S23 Ultra na da na ninki goma, amma waɗannan wayoyi ne da kuɗinsu ya fi na kyamarar kanta. Panasonic Lumix TZ99, wadda a Amurka ake kira ZS99, zum ɗinta yana tashi daga milimita 24 har 720 (yawan lambar shi ne nisan da yake jawowa), ninki 30 ke nan, kuma tana shiga aljihun kaftani. Canon SX740 HS ta 2018 ta kai ninki 40. Wanda ya taɓa tsayawa cikin cunkoson hawan Daushe a Kano yana ɗaga waya sama, ya koma gida da hoton rawuna da ƙeyoyin mutane da wasu ɗigogi masu kama da dawaki, ya san amfanin wannan. Da irin TZ99 kana iya ciko hoto da fuskar mahayi da adon linzamin dokinsa daga inda kake. Haka ga mai kallon ƙwallo daga saman filin wasa, ko mai son giwaye a Yankari ba tare da ya matsa inda bai kamata ba.

Sai dai kuɗin wannan zum ɗin ana biyansa ne da haske. Don a cusa gilashi mai nisa haka cikin ƙaramin jiki, dole a koma ga ƙaramar sensa, kuma idan ka jawo har ƙarshe, ƙofar da haske ke shiga takan tsuke sosai, a TZ99 har f/6.4 (duk yadda lambar f ta ƙaru, haka hasken da ke shiga yake raguwa). Ma'ana, kyamarar rana ce. Da hantsi ko bayan azahar za ta burge ka. Da la'asar sakaliya, lokacin da ƙurar dawaki ta tashi kuma rana ta yi ja, sai hotunan su fara laushi. A cikin ɗaki kuwa wayarka ta fi ta.

Inda zaɓin ya fi wuya, kuma inda na ga kuɗi ya fi yin amfani, shi ne ajin inci ɗaya. Sony ne ya buɗe wannan fage da RX100 ta farko a 2012, kuma har yau gasar tsakanin iyalinta ne da Canon G7 X. Bari mu ɗora biyun da aka fi nema kusa da juna, RX100 VII da G7 X Mark III, waɗanda duk suka fito a 2019, duk megafiksel 20, duk nauyinsu ya ɗan haura giram 300.

Canon ta fi buɗaɗɗen ido. Gilashinta milimita 24 zuwa 100 ne, f/1.8 zuwa f/2.8, wato tana shigar da haske da yawa ko a falo ko a wurin walimar dare, tana kuma ɗan narkar da bayan mutum idan ka matso. Launin fata da take fitarwa kai tsaye, ba tare da gyara ba, shi ne abin da ya sa mata da masu tallan kaya a Instagram suka fi sonta. Maɓallanta da tsarin cikinta ma sun fi sauƙin ganewa ga sabon shiga. Rauninta biyu ne. Na farko, ba ta da saurin kama abin da ke motsi, a bidiyo takan yi ta lalube kafin ta tsaya a kan fuska. Na biyu, ba ta da tagar leƙawa, sai dai ka dubi sikirin ɗin baya, wanda a tsakiyar ranar watan Afrilu kusan ba ka ganin komai a kansa, kana dai saitawa ne da tsammani.

Sony ta fi nisa da sauri. Gilashinta yana kai wa milimita 200, ninki biyu na Canon, tana bin idon mutum ko yana tafiya, tana iya ɗaukar hotuna 20 a daƙiƙa ɗaya, kuma tana da 'yar tagar leƙawa da ke fitowa daga sama idan ka ja wani maɓalli. Ga yaro mai gudu, ko doki a sukuwa, babu haɗi tsakaninsu. Amma idonta ya fi tsukewa, f/2.8 zuwa f/4.5, don haka a duhu Canon ta fi ta numfashi. Jikinta santsi gare shi, ba wurin riƙewa, maɓallan ƙanana, tsarin cikinta kuma sai mutum ya zauna ya koya. Farashinta lokacin fitowa dala 1,200 ne, Canon kuwa wajen 750.

Akwai hanya ta uku da mutane ke tsallakewa: tsofaffin RX100, daga ta III ta 2014 zuwa ta V. Gilashinsu milimita 24 zuwa 70 ne, f/1.8 zuwa f/2.8, da tagar leƙawa, da filasha. Ba su da nisa, amma suna da hasken Canon da tagar Sony a jiki ɗaya, kuma a kasuwar na hannu sun fi sauƙi. Da ni ne mai saye don hoton iyali da tafiye-tafiye, nan zan fara dubawa kafin in bi yayin G7 X da farashinta ya kumbura.

Mai bidiyo lissafinsa daban. Sony ZV-1 ta 2020 don shi aka yi ta: sikirin ɗinta yana buɗewa gefe ya juyo ya fuskance ka, makirfonta ya fi na sauran, akwai ramin sa na waje, kuma idan ka ɗaga kwalbar turare ko yadi gaban kyamara, nan take take komawa kansa. Amma an cire mata filasha da tagar leƙawa, don haka wanda ya saye ta don hoton biki ya yi kuskuren adireshi. Sannan duk waɗannan ƙanana suna da matsalar zafi. Takardunsu sun ce an yi su ne don aiki tsakanin digiri 0 zuwa 40, ga shi a bazara Sakkwato da Maiduguri da Yamai suna haura hakan a inuwa ma. Bidiyon 4K yana dafa cikinsu. G7 X Mark III ba ta wuce kusan minti goma a ɗauka ɗaya, RX100 VII kuma minti biyar take yi sai idan ka shiga ka canza saitin kashe kanta. Wanda ke son naɗar wa'azi ko lacca ta sa'a guda, ba kayansa ba ne. Canon ya gane haka, shi ya sa ya sa wa PowerShot V1 ta 2025 fanka a ciki, sai dai ta yi kaurin da ba ta shiga aljihu cikin daɗi.

Yanzu ga abin da masu sharhin kyamara na Turai ba su cika damuwa da shi ba, mu kuwa shi ne kan gaba: ƙura. Gilashin ƙaramar kyamara yana miƙowa idan ka kunna, ya koma ciki idan ka kashe, kuma duk shiga da fitar nan iska yake zuƙa. A lokacin hunturu, iskar tafe take da garin ƙura. Idan ƙwaya ɗaya ta sauka a kan sensa, za ka riƙa ganin tabo a wuri ɗaya cikin kowane hoto mai sararin sama. A babbar kyamara sai ka cire gilashi ka hure. A ƙarama sai an warware ta gaba ɗaya. Ricoh GR III, duk da kyan hotonta da yadda masu ɗaukar hoton titi ke ji da ita, ta yi suna da wannan ciwo. Yashi kuma idan ya shiga tsakanin zoben gilashin, sai ya maƙale a waje, kyamara ta rubuto saƙon matsala ta ƙi aiki. Mai gyaran waya akwai shi a kowace kwana, mai gyaran irin wannan kuwa sai an tona, kayan gyaran ma sai an yi oda. Don haka kada ka jefa ta tsirara cikin aljihun da ke da ɓurɓushin goro da zare. Nemi 'yar jaka mai zif, kuma kada ka kunna ta a tsakiyar guguwa don kawai ka ga ko tana aiki.

Wannan ne ya sa nake ganin OM System Tough TG-7 ta 2023, magajiyar Olympus TG-6, ta fi dacewa da mutane da yawa fiye da yadda suke zato. Gilashinta ba ya fitowa waje ko kaɗan, a rufe yake ruf. Tana shiga ruwa har zurfin mita 15, tana jure faɗuwa daga mita 2.1, ƙura ba ta shigarta, idan ta yi datti ma ka wanke ta a famfo. Tana ɗaukar abu na kusa-kusa fiye da kowace a cikinsu, har ƙwaron da ke cin ganyen masara ko tsagewar da ke jikin bango. Hotonta ba na gasa ba ne, sensarta ƙarama ce mai megafiksel 12, da dare kuma ba ta kai waya ba. Amma ga malamin gona, injiniyan da ke duba gini, ma'aikacin lafiyar dabbobi, ko wanda ke bin kwale-kwale a Argungu, kyamarar da ba ta mutuwa ta fi wadda ta fi kyan hoto.

Batir kuwa duk jirgi ɗaya ya kwaso su. RX100 VII hoto wajen 260 take yi a caji ɗaya bisa gwajin kamfani, G7 X Mark III wajen 235, GR III wajen 200, kuma filasha da bidiyo suna rage wannan sosai. Batir na biyu dole ne, ka sa shi cikin lissafin kuɗi tun farko, tare da memori. Alherin da ke ciki shi ne ana cirewa a sa wani cikin daƙiƙu, kuma wayarka tana hutawa da cajinta maimakon ta mutu a tsakiyar biki. Ka duba bakin cajin ma: TZ99 da TG-7 da G7 X Mark III suna da USB-C, RX100 VII da ZV-1 kuwa tsohon ƙaramin baki ne, sai ka riƙa yawo da wayar caji daban.

Sai wahalar da ba a faɗa a talla. Hoton waya kafin ka sauke hannu ya isa WhatsApp. Na kyamara sai ka haɗa ta da waya ta manhajar kamfanin, wadda takan yi gardama, ko ka sayi ɗan abin karanta memori da ake sokawa a waya, wanda ni na fi yarda da shi. Duk wanda ya san ba shi da haƙurin wannan mataki, kyamararsa a durowa za ta ƙare.

Game da tsofaffin nan na shekarun 2005 zuwa 2012 da ake sayarwa a gwanjo don salon hoton da, ba laifi idan kuɗin kaɗan ne kuma ka san wasa kake saye. Ka dai tabbatar batirin bai kumbura ba kuma ana samun irinsa. Ka duba irin memorin da take ci, domin tsofaffin Sony da yawa Memory Stick suke amfani da shi, Olympus da Fujifilm na wancan zamani kuma xD, duk sun yi wuyar samu, wasu ma masu cin SD ba sa karɓar wanda ya wuce gigabait 2. Ko tsohuwa ko ta kwanan nan, kafin ka miƙa kuɗi kunna ta ka kashe sau da yawa kana sauraron gilashin, jawo zum har ƙarshe ka mayar, ɗauki farin bango ko sararin sama ka buɗa hoton ka nemi tabo, haska tocila cikin gilashin ka ga ko akwai hazo ko wani abu mai kama da saƙar gizo, sannan ka gwada filasha.

Mutum ɗaya ne zan hana sayen kowace daga cikinsu: wanda ke son shiga sana'ar hoto. Da kuɗin RX100 VII za ka sami babbar kyamara ta hannu irin Sony a6000 ta 2014 ko ɗaya daga tsofaffin Canon masu canza gilashi, har da gilashi mai kyau da filashar ɗorawa a sama. RX100 VII da G7 X ba su da ma wurin ɗora filashar waje, kuma hoton taro ba ya yiwuwa ba tare da ita ba. Ga kuma halin mutanenmu, uwar amarya da ta biya kuɗin mai hoto ba za ta ji daɗi ba idan ta ga ya ciro abin aikinsa daga aljihun gaba, ko da hoton zai fito da kyau. Fujifilm X100VI da ta fito a 2024 a kan dala 1,599 da Ricoh GR, masu gilashi ɗaya tak ba zum, su ma ba na mai fara koyo ba ne. Na wanda ya riga ya san irin hoton da yake so ne, ya kuma yarda ya riƙa matsawa da ƙafarsa.

Wanda wayarsa ta tsufa kuma kuɗinsa na abu ɗaya ne, ya sabunta wayar, zai ga canji a hotonsa kowace rana. Wanda wayarsa ke da kyau amma hoton dare na biki da suna ne ke ba shi haushi, ya nemi G7 X Mark II ta 2016 ko RX100 III zuwa V ta hannu mai lafiya. Mark II ɗin gilashinta ɗaya da na Mark III, abin da ta rasa 4K ne da ramin makirfo, waɗanda mai hoto zalla ba ya buƙata. Mai son nesa da rana ya ɗauki TZ99, idan kuma aljihunsa da nauyi kuma yana son nesa da inganci tare, RX100 VII. Mai aikin daji da ƙura da ruwa ya ɗauki TG-7, ya haɗa da batir na biyu.